Gwiwar Aro

Aikina auna rata ne. Idan aka ɗauki hoton gwiwar mutum, akwai ɗan fili baƙi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, inda guringuntsi yake. Idan filin na da faɗi, mai gwiwa lafiya lau yake. Idan ya tsuke, ƙashi ya fara gugar ƙashi ke nan. A kan wannan ɗan filin na ƙarar da ƙuruciyata, na yi digiri a kan digiri, na hau jirgi na je inda ake tafa wa mutum don ya haska gwiwar wani a bango. A Unguwar Kanawa kuwa, inda aka haife ni, duk wannan wahalar sunanta ɗaya: 'yar Liman mai duba hoto.

Ba na zuwa suna ko biki in ci abinci cikin kwanciyar hankali. Ina kai lomar farko wata gwaggo za ta zaro ƙatuwar ambulan daga ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Ɗan duba min, tun bara yake ƙarƙashin katifa." Haka zan miƙe da miya a hannu in ɗaga hoto saitin rana, mata sun yi min zobe suna ta "ikon Allah", kowacce na nuna inda ta ga ciwon.

Daga nan ne ma na samu tunanin wani bincike. Na ce bari in tara hotunan dattawan unguwa in ga abin da zaman ƙasa yake yi wa gwiwa: zaman harɗe, zaman tahiya, tsugunno. Aka yi ta kawo min hotuna ofis. Sai na ga abin mamaki. Wani tela yana da tsohuwar karaya da ƙusa a ƙasan gwiwa. Wani mai goro ma haka, ƙusa iri ɗaya, a wuri ɗaya, a karkace ɗaya. Can sai ga wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ita ma da ƙusarta! Wallahi har na fara hango kaina a gaban manyan malamai ina bayanin wata sabuwar cuta da ba a samunta ko'ina a duniya sai a layinmu.

Allah ya taimake ni na fara yi wa Inna zancen. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Ai na kafintan bayan masallaci ne, wanda ya faɗo daga rufi. Aro ake yi."

"Aron me, Inna?"

"Aron hoton mana. Mutum ya je asibiti ya wuni a layi kan abin da maƙwabcinsa ke da shi a ajiye? Mai kemis yana son ganin hoto, mai ɗori ma yanzu sai ya ɗaga hoto sama ya gyaɗa kai kafin ya taɓa ka. Ana aron turmi, ana aron tsani, sai gwiwa ce ba za a ara ba?"

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kowane hoto yake zuwa da kusurwa ɗaya a yanke. Nan ne sunan mai shi yake, almakashi ake sa masa don kada a tona asirin juna. Na yi faɗa, na yi wa'azi, na kusa tsine wa almakashi. Inna ta ce in rage murya, boko ne ke ɗibata.

Abin ya daina ba ni dariya da ya iso kan Baba. Shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni, kuma lasifikar masallacin a saitin tsakar gidanmu take. Lasifika ba ta da sirri. Duk ranar da na zo daga gidana da ke Malali gaishe su, ina jin yadda kabbarar tashi daga sujada take ƙara jinkiri, ina jin ɗan nishin da ke riga ta fitowa. Mutanen unguwa kuwa yabo suke yi, wai Malam ya ƙara kusanci da Allah, sujadarsa ta yi tsawo. Ni na san gwiwar dama ce ta ƙi tashi.

Na kuma san abin da yake tsoro, don shi da bakinsa ya karantar da mu: mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Ranar da aka ce ya koma kujera, ranar limancinsa ya ƙare.

Na bi shi da lallashi, na bi shi da fushi. "Baba, ku zo in ɗauki hoton da hannuna, ba layi, ba kowa." Sai ya ce, "Uwata, sanyi ne kawai, man zafi ya ishe shi." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma idan ya faɗi haka da wannan muryar, an rufe zance.

Wata Asabar bayan La'asar na same shi a zaure, ya miƙe ƙafar dama a kan buzu, ga ambulan a gefensa. Ya turo min yana kallon bango.

"Ga shi, an ɗauka. Ki duba ki ƙyale ni in huta."

Na zaro. Kusurwa a yanke. Na ɗaga shi saitin ƙofa, sai ga gwiwa kyakkyawa, rata a buɗe, ƙashi sumul. Gwiwar hagu ma ce, shi kuma dama ke damunsa. Na kuma san ta sarai, don ni aka kawo wa ita a bikin wata ƙanwata. Ta na'ibinsa ce, matashin malamin da ke jan salla idan Baba ya yi tafiya. Babur ya taɓa buge shi aka ɗauka, ba a ga komai ba.

Raina ya ɓaci, har faɗa ya zo min baki. Sai na dubi dattijon da bai taɓa yi min ƙarya ba, ga shi ya je ya ari ƙarya ya yanke mata kusurwa da hannunsa. Tausayi ya kama ni, na haɗiye faɗan. Amma yi masa ƙarya ni ma ba zan iya ba.

"Me kika gani?"

"Baba, mai wannan gwiwar zai daɗe yana jan salla. Zai yi sujada ya tashi ba nishi, shekaru masu yawa in Allah ya ba shi rai."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Haka kika gani?"

"Haka na gani."

"To, madalla."

Na shiga ciki. Da aka tayar da sallar Magariba ina tsakar gida ina alwala, sai lasifika ta kawo Fatiha da wata murya, siririya, mai ɗan sauri. Na dubi Inna, ta kau da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Farar kujerar roba da ke ƙarƙashin darbejiya ba ta nan.

Bayan salla Baba ne ya dawo da ita da kansa, yana ɗingishi a fili, ba ɓoyo. Ya ajiye ta ya zauna, ya miƙo min ambulan.

"A mayar wa na'ibi da gwiwarsa, yanzu shi ke da buƙatarta. Ke kuma, ran Litinin da wane lokaci kuke buɗewa?"

Na ɗauki hoton da hannuna. Babu ratar da zan auna, ƙashi ne zaune a kan ƙashi, kuma a kansa ya yi ta jan mutane salla ana yaba tsawon sujadarsa. A ɗakin hoton na rufe ƙofa na yi kukana. Hoton yana wurina har yau, da kusurwarsa da sunansa. Dattawan layi sun turo aro ba sau ɗaya ba. Ban bayar ba.