Kunun Kanwar Da Na Riƙa Ba Akuya

Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciya da taurin kai, ban jima da aure a Rano ba. Babu abin da nake so kamar kallon wata gasa ta ƙasar waje a talabijin, inda ake tara masu ƙiba a yi ta ba su wahala, ana ɗora su a kan sikeli, wanda ya fi ramewa ya ci kyauta. Ni ma mai jiki ce tun ina yarinya. Akwai wata mata a cikinsu da na ɗauka tamkar 'yar uwata, ranar da ta yi nasara har hawaye na yi.

Da na haifi ɗana na fari sai aka kai ni wankan gida wurin Innata a ƙauyen Fammar. Ranar suna ƙanwar mijina ta ce cikin wasa wai in na yi arba'in sai dai a dawo da ni a amalanke, don babu babur ɗin da zai iya da ni. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a rai. Inna kuwa ba ta wasa da mai jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, gasasshen nama da yaji, ga kunun kanwa kwano guda. Sai na fara dabara. Da ta juya baya in zagaya bayan rumbu in juye wa akuyarta kunun, tuwo kuwa in ɗan taɓa in rufe. Na koma shan ruwan tsamiya da lemon tsami, ina ce wa kaina ai waccan matar ta talabijin ta sha wuyar da ta fi wannan.

Zanina ya fara yi mini yawa, ina ta murna. Amma yaron ya dinga kama nono yana saki yana tsala kuka. Na san ruwan ya ragu, wallahi na sani, na yi shiru. Ga kunyar ɗan fari, ba na iya ƙura masa ido a gaban mutane, balle in ce ya rame. Daga baya kukan ma ya daina fita sosai, ni wawiya na ɗauka haƙuri ya koya.

Wata safiya akuyar ta biyo ni har ƙofar ɗaki tana cusa baki a kwanon da ke hannuna. Inna ta dubi akuyar da ta yi ɓul-ɓul, ta dube ni, ta shige ɗaki ta ɗauko jaririn. Ta shafa kansa ta ji maɗigarsa ta faɗa, bakinsa a bushe. Ta yi salati, ta ce ashe duk kwanakin nan akuya take yi wa jego. Ta goya shi, muka hau babur zuwa Rano, duk ramin da muka faɗa ina kasa kunne ko zai yi kuka, bai yi ba. A asibiti nas ta nemi jijiya a hannunsa ta rasa, sai a ka aka sa masa ƙarin ruwa. Ta ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ban taɓa jin tsoro da tsanar kaina irin na ranar ba.

Allah ya raya shi, amma nonon bai dawo kamar da ba, da madarar gwangwani aka ƙarasa rainonsa. Daga baya na ci karo da hoton matar gasar nan a waya, ƙibarta ta dawo har ta fi ta da. Tawa ma ta dawo. Ƙanwar mijin nawa kuwa da na tuna mata maganar amalanke, rantsuwa ta yi ba ta ma tuna ta faɗa ba.

'Yan uwana mata, su masu gasar nan ranar sikeli kawai suke nuna mana, ba sa nuna abin da ya biyo baya. Mai son rage jiki ta nemi shawarar likita, mai shayarwa kuma ta tuna cikin mutum biyu take ci wa. Ku masu zolaya, ku ji tsoron Allah da bakinku. Yaron nan yanzu har makaranta yake zuwa, amma har yau in na shafa kansa tsakiyar kan nake fara taɓawa.