Shekarar da Hanya Ta Koma Tudu

Ni ruwan sama ne yake kawo mini baƙi. In hadari ya haɗo daga gabas da hantsi, matan garinmu su ruga kwashe shanya, ni kuwa sai in ƙara dawa a turmi, don na san kafin la'asar wata mota za ta kafe a fadama.

Garinmu ƙarami ne, a kan tsohuwar hanyar mota da ta tashi daga Kazaure ta nufi Roni, zamanin Turawa. Ba a nan aka haife ni ba. Daga wajen Babura aka kawo ni aure. Na yi shekaru a ɗakin mijina Allah bai ba mu haihuwa ba, sannan ya rasu ya bar ni a gidan da yake na ƙarshe a gari, daf da fadama. Iyayena sun riga shi tafiya, 'yan'uwana sun watse hayin iyaka, cikin ƙasar Faransi. Dangin mijina ba su kore ni ba, ba su kuma ja ni a jiki ba. A gaishe ni a bakin rijiya, a yi mini barka da salla, shi ke nan. Ni ma ina da baki, ban ɓoye ba, kuma mace mai baki wadda ba ta da ɗa ba a cika leƙo ta ba.

Fadamar nan baƙar laka ce. Kowane rani leburorin En'e su zo da kwanduna su zuba marmara, su daddaɓe, su tafi. Ruwan farko ya jiƙa, na biyu ya tafi da rabi, kafin tsakiyar damina wurin ya koma yadda yake. Mota ta taho da ƙarfinta, ta yi gurnani, ta zauna. Maza su sauka su naɗe wando, a saro rassa, a yi ta turi ana zagin juna. Mata kuwa da tsofaffi su duba su ga ba inuwa sai rumfar ƙofar gidana.

Da ruwan sha aka fara. Wata rana wata mai goyo ta ce ko akwai sauran tuwo, na ba ta, daga nan abin ya zama sana'a. Amma ba cinikin ne ya riƙe ni ba, gaskiya. Mutane ne. Tsakar gidana da ba a jin komai sai kukan kaji ta cika da surutu. Fatake daga Kano, matan Fulani masu zuwa suna, sojojin da suka dawo daga yaƙi suna ba da labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. A yi wa jarirai wanka a kwatarniyata, a shanya zannuwa a dangata, a yi faɗa a kan tabarma in raba. Matafiya suna da wata ɗabi'a: da yake sun san ba za su sake ganinki ba, sai su zazzage miki cikinsu kaf. Na san sirrin gidajen da ban taɓa taka garuruwansu ba. Ina yi musu faɗa in sun zubar mini da ruwa, suna ce mini Iya, ina jin daɗi. In rani ya yi hanya ta bushe, sai in koma zaman jiran damina.

Ban taɓa roƙon Allah mota ta kafe ba. Amma in na ji gurnanin nan, zuciyata takan yi fari, wannan kam ba zan musa ba.

Sai wata shekara, ƙarshen damina, wata babbar mota ta zo da kaya har sama da mutane a kan kayan. Direban ya so ya kauce wa tsakiyar laka ya bi gefe, gefen ya zabtare, motar ta kwanta. An ciro mutane da yawa da rai. Wani dattijo da wata mata ba su yi rai ba. Matar ita kaɗai take tafiya, ba wanda ya san sunanta ko inda za ta. A ɗakina aka shimfiɗe ta, ni na yi mata wanka. Akwai lalle sabo a ƙafarta, da alama biki za ta. Na daɗe ina wanke lakar da ta shiga cikin kitsonta. Ran nan ban dafa komai ba, kuma da aka ce dattawa za su kai kuka wajen hakimi, ni ce ta farko da ta ce ya kamata.

Hakimi ya kai maganar gaba, aka aiko cewa Baturen ayyuka zai zo ya gani da idonsa. Dattawa suka yi ta taro a zauren maigari, wanda yayan mijina ne ta wajen uba. Abin da suke so gada ce, ko aƙalla kwalbati mai kyau. Amma maigari mutum ne da ya daɗe yana hulɗa da hukuma, ya ce ya san halinta. Ina kai musu fura na ji shi yana cewa hukuma kamar mai sayen akuya ce, duk abin da ka faɗa rabi za ta taya. In suka ce wurin ya lalace, kwandon marmara za a ƙaro. Sai su ce wurin ba ya gyaruwa sam, in an rage, a tsaya a gada. Kowa ya ce wannan dabara ce. Haka muke roƙo tun kaka da kakanni, a wajen hakimi, a wajen alƙali, har a wajen suruki. Mai ji ma ya san yadda zai rage.

Baturen bai zo ba sai bayan an yi girbi. Fadamar ta bushe ta yi luf, tumaki suna kiwo a inda motar ta kwanta. Wannan ya sa dattawan suka ga dole su ƙara himma. A ƙofar gidana aka tsaya, ina jin komai ta cikin danga. Ga hakimi, ga wakilin ayyuka na En'e, ga tafinta, ga Bature da jan wuya da sanda yana caccakar ƙasa.

Maigari ya durƙusa ya ce, "Zaki, wurin nan ba shi da gindi. Kakanninmu sun zuba dutse ya haɗiye. En'e ta zuba marmara ya haɗiye. Ko dutsen Roni aka ɗauko aka jefa, kafin shekara ba za a ga kansa ba."

Tafinta ya juya maganar da Turanci. Bature ya gyaɗa kai ya yi tambaya, tafinta ya dawo da ita.

"Ya ce, in an kafa ginshiƙan gada, za su tsaya?"

A nan ne ya kamata a sassauta. Amma baki ya riga ya yi zafi. Wani tsoho ya ce, "Sai dai irin ta jirgin ƙasa, ranka ya daɗe. Ƙaramar gada kam karin kumallo ce a wajen fadamar nan."

"Ya ce, to ina ƙasa mai ƙarfi take a nan kusa?"

Sarkin noma ya miƙa hannu arewa. "Ai babu, sai can kan tudu, burtalin Fulani, inda ko fartanya ba ta shiga."

Bature ya daɗe yana kallon inda aka nuna. Ya gode musu ƙwarai, ya ce bai taɓa zuwa garin da aka gaya masa gaskiya ƙarara haka ba. Dattawa suka yi ta murna a ciki. Hakimi ne kaɗai bai yi murmushi ba. Da zai shiga mota na ji ya ce a hankali, "Maigari, gishirin ya yi yawa."

Kafin azumi aka ga masu awo a kan tudu suna kafa turaku. Da aka gane abin da ake nufi, maigari ya tafi wajen hakimi ba shiri, ya ce a gaskiya fadamar tana gyaruwa, kwalbati ɗaya ya isa. Aka ce hakimi ya dube shi ya ce, "Da bakinku kuka faɗa, a gabana. Yanzu in koma in ce wa Bature dattawan ƙasata ƙarya suka shirga masa?" Haka maigari ya juyo gida. Samarin garinmu ma da su aka yi aikin sabuwar hanyar, suna ɗaukar marmara a ka.

Hanya ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Ja wur, a miƙe, ruwa na sauka yana gangarewa. Daga shekarar ba a sake ciro kowa daga ƙarƙashin mota a ƙasarmu ba. An ji kukanmu, an share mana hawaye, har an wuce inda muka roƙa. Ba wanda zan kai ƙara, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Mahauci ne ya fara tashi. Ya koma mararrabar da sabuwar hanya ta haɗu da ta Gwiwa, tafiya mai nisa daga garinmu. Maƙeri ya bi shi, sai mai tireda, sai samari ɗaya bayan ɗaya da matansu. Dangin mijina da suka tashi ba wanda ya ce in zo. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko za a kafa mini ko da bukka ce, ya ce, "Iya, bari mu zauna tukuna, za a aiko." Ba a aiko ba. Na kuma ji cewa a mararrabar masu tuwo sun yi yawa, kowace da 'ya'yanta masu kai talla bakin mota.

Daminar farko ita ce mai wuya. Hadari ya haɗo, in ji hannuna ya kai ga buhun dawa da kansa, sai in tuna. Ruwa ya sauka, fadama ta cika, ba abin da ke tashi daga cikinta sai kukan kwaɗi. Ciyawa ta rufe tsohuwar hanya, masu gonakin gefe suka ci ta da garma kaɗan-kaɗan. Sai in wuni ban buɗe baki ba in ba a salla ba. Ni da ake cewa na cika faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Na kama kaina ina yi wa kaji tsawa a kan abin da ba su yi ba. Kaɗaici ya dame ni, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata ranar kasuwar Roni na ce zaman ya isa. Tun da safe na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawa mai yawa, na ɗora ƙwarya a ka, tukunyar miya a hannu, na kama burtali. Ban nufi mararraba ba, na nufi inda sabuwar hanyar ta fi kusa da mu, wani ɗan hawa mai tsamiya a gefe. Na share gindin tsamiyar, na jera akusa, na zauna. Na ce a raina mutum ba ya daina jin yunwa don hanya ta yi kyau.

Motar farko ta wuce kamar an jefa ta. Ban ma ga fuskokin mutanen ba. Ta biyu wasu suka ɗago mini hannu, irin ɗagowar da ake yi wa duk wanda aka gani a bakin hanya. Rana ta take. Na yi ta gyara faifan da na rufe tuwon, ina korar ƙuda.

Can sai ga wata ta taho tana hawa a hankali saboda nauyi. Na gane direban, wani Bakano mai babbar murya, wanda ya sha zama a rumfata yana tsine wa fadama da loma a bakinsa. Shi ma ya gane ni. Na miƙe tsaye har zanena yana kwancewa. Ya rage gudu, ya leƙo da kai.

"Iya, ke ce a nan? Kina lafiya?"

"Lafiya lau. Tuwo ne, da sauran zafinsa."

"Ayya, Iya, in na tsaya a hawan nan sai an tura ni. Yau a Roni za mu ci, kafin azahar, kin ji ikon Allah." Motar tana tafiya, ina bin ta a gefe da sauri. "Ki gai da maigari. Ki ce direbobi sun gode, Allah ya saka wa mutanen garinku da alheri. Kun cece mu."

Na ce amin. Me zan ce? Na tsaya ina kallon bayan motar har ta haye tudun.

Ban jira ta gaba ba. Na haɗa kayana na juyo, kuma ƙwaryar ta fi nauyi a dawowa. Da na shigo gari ban wuce gida ba, na bi ta ƙofar maigari, don saƙo amana ne. Yana zaune a zaurensa shi kaɗai, a kan buzu, tabarmin fadawa a naɗe a jingine da bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, daga sabuwar hanya nake. Direbobi sun ce a gaishe ka. Sun ce sun gode."

Ya ci gaba da murza carbinsa. Na zo da maganganu a bakina, waɗanda na yi wata da watanni ina tanadi, a kan akuya da mai sayenta. Da na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai na haɗiye su.

"Madalla," ya ce. Ya dubi ƙwaryar. "Ba su saya ba?"

"Ba su tsaya ba."

Na ɗebi malmala biyu na sa a akushi, na zuba miya, na tura masa ciki. Ya sa albarka. Ya so ya ƙara wata magana, na ga bakinsa ya motsa, ni ma na ɗan jira. Amma shi yayan mijina ne, ni matar ƙaninsa, ba mu taɓa zama mun yi hira ba, kuma ba ranar za mu fara ba. Na ɗauki sauran na tafi. Ya ci a zaurensa, na ci a ɗakina.