Malam Lawwali da Kukan Babur ɗin Mahaifina

Ranar Laraba, 7 ga Mayu, 2025, ina cikin aji a Tsafe sai yayana Haliru ya kira ni a waya, ya shaida mini cewa Allah Ya karɓi ran Malam Lawwali bakanike, na Sabon Garin Gusau, bayan jinyar kwana tara. Na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, na bar wa ɗalibai aiki na nufi tasha. Kafin in iso Gusau har an kai shi makwancinsa. Malam Lawwali, ban samu sallarka ba, abin yana damuna, shi ya sa na zauna in rubuta ɗan abin da na sani a kanka, ko da yake sanin namu bai cika shekara guda ba.

Babur ne ya haɗa mu. Mahaifinmu, Malam Umaru, malamin gona ne a Bungudu, yana da wani tsohon babur mai kafireta biyu da ya saya tun kafin a haifi kowa a cikinmu. Da ya rasu aka jingine shi a zaure, ya shekara goma sha uku yana shan ƙura da kashin kaji. Bara Haliru ya ce zai mai da zauren shago, babur kuwa 'yan gwangwan za su zo su auna shi. Ba wanda ya yi musu sai mahaifiyarmu, Inna Lami, wadda idanunta suka tafi shekara huɗu ke nan. Ba ta ce kada a sayar ba. Ta dai roƙi a bar ta ta ji kukansa sau ɗaya kafin a ɗauke shi. Haliru ya ba ni wata biyu, ya ce in bai tashi ba ya fita haƙƙin kowa.

Makanikai uku na zaga da shi a bayan a-kori-kura. Na farko ya yi dariya, na biyu ya ce in sayi sabuwar kafireta ta kasuwa a liƙa, na uku ne ya ji tausayina ya kwatanta mini rumfarka. Na same ka zaune kan tabarma da tabarau ɗaure da zare, ga farin tsumma shimfiɗe a gabanka, ka jera ƙananan ƙarafa a kai kamar mai tsintar shinkafa. Ka zagaya babur ɗin sau biyu ba ka taɓa shi ba. Tambayarka ta farko ma ba a kan inji take ba, cewa ka yi wane irin mutum ne mai shi, da sauri yake tafiya ko a hankali, kuma wace hanya ya fi bi. Na amsa ina ƙunƙuni a zuci, don ni gyara na kawo, ban zo ba da tarihi ba.

Daga baya na gane haka kake da kowa. 'Yan kabu-kabu da ke zuwa neman ka matse musu kafireta don ta rage shan mai sun sha wa'azinka. Kakan zaunar da mutum, ka cire fulogi ka nuna masa yadda kansa ya yi fari, ka bayyana masa cewa injin da aka hana mai zafi yake ɗauka har ya ƙone. Wasu su ji, wasu su tafi rumfar gaba a matse musu, bayan wata biyu su dawo suna turo babur, kai kuma ka karɓe su ba tare da gori ba. Da ka ga ina yawan leƙe, ka ba ni kujera ka ce malamin makaranta ma ya ɗanɗana zaman ɗalibta. Duk Asabar nakan baro Tsafe in zo in zauna, kuma ban taɓa komawa gida ban ƙaru da wani abu ba.

A gabana ka sauke tanki, ka zubar da tsohon man da ya koma ja yana wari. Ka zuba tsakuwa da kananzir a ciki, muka yi ta girgiza shi muna karɓa-karɓa har kafaɗuna suka yi tsami, tsatsa tana fita kamar ruwan kwata. Ka yar da tiyon da ya bushe ya tsage. Ƙananan ƙofofin da mai ke bi a cikin kafireta kuwa, ka hana a sa musu allura ko waya, ka ce ƙarfe yana ƙara musu faɗi, in sun buɗe kuma ba sa komawa. Da zaren buhu guda ɗaya kake bi da su, ka hura, ka ɗaga wa rana ka duba. Fakin da ke hana mai yoyo, wanda ba a samunsa a kasuwa, ka yanka shi da hannunka daga kwali mai kauri. Sati biyar ana wannan aiki, ni ina lissafin kwanakin da Haliru ya ba ni, kai ko a jikinka.

Ranar da babur ɗin ya tashi, a bugun kik na uku, sai da na ji ƙwalla. Ka daidaita kafiretocin biyu da kunne har muryarsu ta zama ɗaya. Na hau shi zuwa Bungudu ina jin kaina wani babba, na tsaya a ƙofar gida na murɗa masa wuta sosai, sannan na kashe da makulli. Inna tana zaune a tsakar gida, ta karkata kai ta saurara har ƙarshe. Ta ce, “Allah shi yi maka albarka, Abdulsamad. Amma wanga ba kukan mashin ɗin Malam ba na.” Haliru ya ce tsufa ne kawai, an yi mata abin da ta roƙa, ranar Litinin masu awo za su zo.

Na dawo maka a fusace, ina tsammanin za ka ce aikinka ba shi da aibu, kuma da ka faɗi haka da gaskiyarka. Maimakon haka sai na ga fuskarka ta washe. Ka ce dama akwai abu biyu da suka tsaya maka a rai. Babur ɗin da ya yi shekara goma sha uku a ajiye, kamata ya yi kofunan da ke ƙarƙashin kafireta su cika da danƙon mai, amma ka same su a bushe tas. Sannan hannun famfon mai, wanda ake murɗawa a rufe hanyar mai daga tanki, ya goge ya yi santsi fiye da na duk babur ɗin da ka taɓa gyarawa. Ka rufe rumfa ranar Lahadi, ka ce in kai ka wurin Inna.

Ka durƙusa ka gaishe ta, ka roƙi ta kwatanta maka kukan. Ta ce in Malam ya shawo kwana, muryar babur takan ɗaga sama, ta yi tari biyu, ta koma kamar mai ɗingishi, sannan ta mutu da kanta daidai bakin zaure. Ka miƙe ka hau babur ɗin ka tafi. Daga baya ka gaya mini abin da ka gano: mahaifinmu yana rufe famfon mai tun yana kan hanya, sai injin ya ƙarasa gida da ɗan abin da ya rage a kofuna, kafireta ɗaya ta riga ɗaya ƙarewa. Wurin da yake rufewa ne ba ka sani ba. Ka rufe daga masallaci, ya mutu tun kafin kwana, ka turo shi kana haki, da shekarunka sittin da 'yan kai. Ka rufe daga kwana, ya iso da sauran ransa. A karo na uku ka rufe daga gindin tsamiyar bakin rijiya. Muka ji muryar ta ɗaga, ta yi tari, ta yi ɗingishi, ta mutu a bakin zaure. Inna ta dafe ƙirji, ta ce, “Ga shi nan. Malam ya dawo.”

Wani da ya kai nan ya tsaya, amma kai tambaya ba ta barinka. Ka sake durƙusawa ka ce, “Inna, tun da anka sayi mashin ɗin haka shika yi, ko daga baya ne?” Ta ce a'a, da farko da ƙarfinsa yake shigowa. Kukan ya sake ne shekarar da take da cikin Haliru. A lokacin in an ajiye babur a zaure yakan ɗiga mai, tagar ɗakinta kuma tana kallon zauren, warin fetur ya hana ta cin abinci, ta yi ta amai har ta rame. Sau ɗaya ta yi wa Malam ƙorafi, bai ce mata komai ba. Bayan kwana biyu warin ya ɗauke, ita kuma ta ɗauka cikin ne ya yi ƙwari. Ka ce mata a hankali, “To, Inna, domin ki ya riƙa ruhe mai daga tsamiya. Kuma bai bari ba har ya koma ga Allah, don ni na ga kofunan a bushe.”

Shekara talatin da ɗaya mahaifina yana sunkuyawa a gindin tsamiya yana murɗa wannan famfo, mu 'ya'yansa muna zaton lalacewar tsohon babur ce, har muna yi masa dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kuka, mu ma muka yi. Haliru, wanda da cikinsa abin ya fara, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Ranar Litinin shi da kansa ya sallami masu awo, shagon kuma ya gina shi a wancan gefen gida.

Da labarin rasuwarka ya isa Bungudu, Inna da ta shekara huɗu ba ta taka ƙofar gida ba ta ce a nemo mota. Ranar sadakar uku na riƙe hannunta har cikin gidanka. Ta zauna kusa da maiɗakinka Hajiya Lantana, ta ce mata, “Mijinki ya gaya min abin da nau miji ya ɓoye min har ya mutu. Ban da abin ba shi sai addu'a, ita kuwa ba ni bari.”

Ya Allah Ka jiƙan Malam Lawwali, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa aikin hannunsa da haƙurinsa su zama sheda a gare shi ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata da ta gidan marigayi Malam Umaru na Bungudu ga Hajiya Lantana, da 'ya'yansa Khalid da Nusaiba, da 'yan'uwansa makanikai na Sabon Gari. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.