Ranar da Aka Hana Girki Saboda Jirgi

Ko na manta komai na aikin nan, ba zan manta da yammacin da muka je feshin jan-baki muka dawo da maganinmu ba. Shekarun farko ne bayan an ba mu jiha, ina malamin gona a sashen yaƙi da ƙwari a Dutse. Tsuntsaye suka sauka wa wani ƙauye a fadamar Ringim, gero ya yi ido, kwana kaɗan ya rage su bar wa mutane kara.

Ku yaran yanzu ba ku ga wannan aiki ba. Jan-baki ba a fesa masa sai dab da magariba, in ya taru a makwancinsa cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta fadama. Da jirgin sama ake feshin, ɗan mitsitsi ne, ni nake zama gefen matuƙi ina nuna masa wuri. Matuƙinmu Kyaftin Sale, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya sha gaya mini cewa rahoton iska da ake ba shi daga Kano na sama ne. A ƙasa kuwa, dutse da iskarsa, jigawa da tata. Rana na yin sanyi, iskar tudu sai ta gangaro fadama, wani lokaci ta juya gaba ɗaya.

Muka iso, ga tsuntsaye baƙi ƙirin, ga kuma rugar Fulani da tafkin da shanunsu ke sha a gefe guda. Kyaftin ya zagaya, ya sake zagayawa, yana leƙe.

“Malam, mutanen garin nan ba sa cin tuwo ne? Ko hayaƙi ɗaya babu!”

Da hayaƙin girki ashe yake gane inda iskar ƙasa ta dosa. Ya ce in ya saki magani a makance, iska ta kai shi tafkin, shanu ne za su mutu. Sai ya juya akalar jirgi. Wallahi raina ya ɓaci, don ina hango mutane a ƙasa suna ɗaga mana huluna.

Da safe na hau babur na tafi wurin dagaci. Ko gaisuwa bai bari ta ƙare ba.

“Haba Malam! Saboda ku na sa aka yi shela kada mace ta hura wuta, kada hayaƙi ya rufe wa direba ido. Da yunwa muka kwana, ga shi kun tafi!”

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai hayaƙin ne idonsa.” Sai ya ce, “To, yau zai ga hayaƙi.”

Ya kuwa gani. Da muka koma da yamma, kowane gida ya hura wuta, an zuba ɗanyar ciyawa, har ’yan ruga sun kunna tasu. Sai dai duk hayaƙin ya karkata wajen tafkin. Kyaftin ya ce mu jira. Muna zagaye, rana na faɗuwa, ni ina ta salati a zuci, don in duhu ya shiga shi ke nan, geron nan ba zai kai jibi ba.

Can sai hayaƙin gidajen tudu ya miƙe tsaye, ya yi ɗan jim, sannan ya kwanta ya soma rarrafe zuwa cikin kacalla, ya ba tafkin baya.

“Bismillah,” in ji Kyaftin, ya sunkuyar da jirgi.

An yi girbi a garin nan, ko saniya ɗaya ba ta kwanta ba. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa ƙin taimako, sai dai mu gaya musu irin wanda muke so. Tun daga ranar ban sake cewa “jirgi na zuwa” kawai ba. Nakan ce, “Jirgi na zuwa, a ɗora tukunya.”