Ƙwaryar da Na Ƙi Karɓa a Hannun Inna Fatu

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, ina zagayen aiki a kasuwar Gwarinpa, 'yarki Mufida ta kira ni tana kuka, ta ce, "Anti Jessica, Inna ta rasu." Ke take nufi, Inna Fatu, uwar mata masu sayar da nono na rugar da ke bayan Karshi. Kwana biyu kacal kika yi a kwance. Wata mai tumatir ta turo mini benci, na zauna.

Ni ma'aikaciyar duba abinci ce, kuma ba da daɗi muka fara sanin juna ba. Shekara uku da suka wuce umarni ya sauko ofishinmu: duk mai sayar da madara ko nono sai ta tafasa madarar tun daga gida, in ba haka ba a tashe ta daga kasuwa. Aka ba ku wata ɗaya. Ku goma sha tara ne, kowace da ƙwaryar nononta take ciyar da gidanta.

Na zo rugarku da takarda a hannu da girman kai. Kika shimfiɗa mini tabarma, kika miƙo mini madarar da aka tatso yanzu, da ɗuminta, yadda kuke tarbar kowane baƙo. Na ce ni ba na shan ɗanya. Wayyo, Inna! Ban san cewa a wurinku wanda ya ƙi madarar gida, mutanen gidan ya ƙi ba. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ke kaɗai kika zauna, kika ce, "'Yar gwamnati, ba a koya miki baƙunta ba, amma faɗi abin da ya kawo ki."

A nan na gane ba taurin kai ke hana ku ba. Kun gada daga iyaye cewa in madara ta hau wuta, hantsar saniyar da aka tatsa ƙafewa za ta yi. Ni ina ta bayanin tari da zazzaɓin da ke bin ɗanyar madara, ku kuwa gani kuke na zo lalata muku shanu. Kika bar ni na gama, sannan kika ce, "Har yara yana kamawa?" Na ce su ya fi kamawa.

Washegari kika tatsi Wule, jikar saniyar da mahaifinki ya ba ki lokacin aurenki, kika ɗora madararta a wuta a gaban kowa. Maigidanki, Malam Hammadu, sai da ya kwana uku bai yi miki magana ba. Mako biyu kina tatsa kina tafasawa, mata na zuwa leƙen hantsa kowace safiya, Wule ba ta ƙafe ba. Da wa'adi ya cika, ko mace ɗaya ba a tasa daga kasuwa ba.

Sai dai ba ki ƙara miƙo mini ƙwarya ba. Shekara uku ruwa kike ba ni, kina tsokanata da 'yar gwamnati mai tsoron saniya. Abin yana ci mini rai, wallahi, amma kunya ta hana ni roƙa. Kullum sai in ce sai wani zuwan.

Jiya na je gaisuwa. Mufida ta fito da ƙwaryarki rufe da faifai, ta durƙusa ta ce, "Ta Wule ce, an tafasa. Inna ta bar wasiyya a ba ki. Ta ce tun tuni take jira ki tambaya."

Allah ya jiƙanki, Inna Fatu, ya yafe kurakuranki, ya saka miki da alheri saboda yaran da kika kare ba tare da kin san ko sunansu ba. Malam Hammadu, Mufida, da dukan matan ruga, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ta bari.

Inna, da hannu biyu na karɓa, kuma ban rage ko ɗigo ba.