Mabiyiyar Jikanyata da Ramin da Inna Ba Ta Haƙa Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mahaifiyata, Inna Kulu ungozoma, Allah Ya jiƙanta. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin na yi wani abu da har yau ban san ko daidai ne ba, ita kuwa da za ta gaya mini tana cikin kushewa.

A unguwarmu ta Argungu, da wuya ka sami gidan da Inna ba ta durƙusa a ɗakinsa ta karɓi haihuwa ba. Aikinta ba ya ƙarewa da kukan jariri. Sai ta wanke mabiyiya, wato abin nan da ke biyo jariri haɗe da cibiyarsa, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta, ta binne a bayan ɗaki da hannunta. Ba ta yarda ko kaza ta gani. Ni kuwa boko ya ɗauke ni, na zama malamar makaranta a Birnin Kebbi, ina yi wa aikin kallon abin tsofaffi. In ta ce in zo in gani, sai in ce ina da jarrabawar yara.

Watan jiya 'yata Rukayya, da ke aure a Gwadangaji, ta shiga watan haihuwa. Ɗanta na fari, Bashar, yana da sikila, ciwon da ya ɗauke ƙanena Ummaru tun bai isa aure ba. Wata likita a inda take awo ta ce mata akwai masu bincike da ke neman jinin da ke saura a cikin cibiya da mabiyiya. Wai a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, suna iya zama sabon jini, har a wasu ƙasashe ana dasa su a ɓargon mai sikila. Likitar ba ta ɓoye mata ba: bincike ne, ba alkawarin magani ga Bashar ba.

Rukayya ta zo mini da takardar sa hannu. "Mama, mi za ni yi? In na ba su, ba ni saɓa ma Inna ba? In na hana, da wane ido zan dubi yaron ga in ciwo ya tashi mishi?"

Na karanta takardar sau uku, ni da na yi shekaru ina koya wa yara sassan jiki, na tashi kaina ya ƙara ɗaurewa. Ashe abin da Inna ta yi ta turbuɗewa a ƙasa yana iya zama magani? Da tana raye, za ta ce an wulaƙanta abokiyar tafiyar jariri, ko za ta tuna yadda ta riƙa gasa wa Ummaru gaɓoɓi da tsumma mai zafi tana kuka, ta ce a ɗiba? Wallahi ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na ce ta sa hannu, da sharaɗin a ba mu saura. Aka haifi mace lafiya, suka ɗebi jininsu, suka miƙo mini mabiyiyar a leda. Na hau mota zuwa Argungu da ita a cinya, ina jin na raba gardama, kowa ya sami nasa.

Sai da na haƙa ramin a bayan ɗakin Inna, na wanke ta, sannan wata maganarta ta faɗo mini: "In an kihe ta, uwar ba ta ƙara haihuwa." To ina ne sama, ina ne ƙasa? Gefe ɗaya sulɓi, ɗaya kaushi. Na juya ta, na sake juyawa. Na leƙa maƙwabta, tsofaffin da suka sani duk sun bi Inna, matasan kuwa asibiti suke haihuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A kaina na san ba kwanciyar mabiyiya ke ba da haihuwa ba, amma tsoro bai sake ni ba. Na yi bisimilla, na sa gefen cibiyar sama, na mayar da ƙasa.

Abin da ya rage mini na Inna ke nan: tsoronta ya zauna a jikina, saninta ya bi ta. Da na dawo, Rukayya ta ɗago daga shayarwa ta ce, "Mama, kin aje ta yadda Inna ka yi?"

Na gyaɗa kai na ce mata, "Awo." Tun daga ranar, duk salla sai na roƙi Allah Ya sa ba ƙarya na yi wa 'yata ba.