Rassan Lemun da Na Aika Kurni

Matso kusa ka ji, don maganar nan ban taɓa yin ta da ƙarfi ba, ko a tsakar gidana.

Maigidana yana zuwa cin rani Kano duk shekara. Wata shekarar ya dawo Matameye babu atamfa, babu sabulu, sai ƙunshin rassan lemun zaƙi a jiƙaƙƙen buhu. Wai a garkar da ya yi aiki ya yanko su. Ya ce in ajiye a gindin randa, in riƙa yayyafa ruwa kafin ya yi musu aure. Haka muke cewa: a tsaga jikin lemun tsami, a cusa reshen na zaƙi, a ɗaure da leda har su kama juna.

Ni kuwa ba na ganin abu mai kyau ban tuna da yayana ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma garkarsa ta Kurni ita ke ciyar da gidansa. Na zare guda shida, na naɗe a tsohon ɗankwali, ranar kasuwa na ba direban taksi ya kai masa. Ban gaya wa maigida ba, shi ma bai lura ba.

Suka kama, nan da can. Muka yi shekaru muna shan lemu muna murna.

Sai ganyen namu ya fara yin rawaya. 'Ya'yan suka koma ƙanana, karkatattu, suna zuba tun ba su nuna ba. Maigida ya sa taki, ya sa toka, ya yi feshi har tari ya kama shi. Da ya gaji, ya ɗauko malamin gona daga sarwis, ofishin gona na gwamnati. Bayan sun dawo daga garka suka zauna a zaure, na kai musu ruwa, na tsaya bayan ƙofa. Kunnena dai ba ya barin magana ta wuce.

"Malam, ina ka samo irin nan?" in ji malamin gona.

"Kano."

"To, da ciwonsa ka zo da shi. A cikin itacen yake, feshi ba ya kai masa. Duk inda reshen nan ya je, ciwon ya je, ƙwari kuma su kwasa su kai wa na kusa. Sai dai a tone a ƙone."

Maigida ya ce, "Alhamdu lillahi da ban ba kowa ba."

Na bar bayan ƙofar, na koma ciki.

Kasuwar da ta wuce yayana ya zo. Ya rame. Na zuba masa fura, ya riƙe ludayin bai sha ba.

"Auta, lemuna sun lalace, har tsofaffin da Baba ya dasa."

Na ce, "Subhanallahi, Yaya. Me ya same su?"

"Bakin maƙwabcina mana! Ya tsaya a kan shinge yana yabo, ko tubarkalla babu. Tun ranar ban ƙara ganin daidai ba. Na daina gaishe shi."

Mutumin da suka taso tare, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci.

Sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Cikin waɗanda kika aiko akwai biyu da sauran ƙarfinsu. Damina na sauka zan yanki rassansu in yi wa sababbi aure. Mutum uku ma sun roƙe ni, na yi musu alkawari."

Na raka shi bakin ƙofa ina ta yi masa addu'a, ban faɗa ba.

In na faɗa, yayana zai san ta hannuna garkar Baba ta mutu, maigida kuma zai san na ɗauki abinsa a ɓoye na bar shi yana godiya a kan ƙarya. In na yi shiru, ciwon zai shiga garka uku, maƙwabcin nan bawan Allah kuma yana can ɗauke da laifina. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, har na ji ƙamshin ƙasa. Na san sai na faɗa. Amma kai da ka saurare ni, wa zan fara tunkara, mijina ko yayana?